Lafiyar Toga a Ma'aunin Shari'a: Nazarin Sulhun Kabi da Daular Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙa'idojin da Musulunci ya shimfiɗa domin zaman lafiya tsakanin al'ummar Musulmi da sauran ƙasashe, ta kuma auna su da wani sulhu da aka ƙulla a kwarin Gulbin Rima tsakanin Masarautar Kabi da Daular Sakkwato, wanda tarihi ya sani da sunan Lafiyar Toga. An bi hanyar kwatanta hukunce-hukuncen fiƙihu, musamman na mazhabar Malikiyya, da sharuɗɗa uku na sulhun kamar yadda masana tarihi suka ruwaito su. Nazarin ya gano cewa sulhun ya cika sharaɗin shugabanci da na maslaha, amma ya bar tambayoyi biyu a buɗe: matsayin Kabawa a shari'a, da hukuncin garin da ya so sauya biyayya. Ta wannan kafa ta biyu ce yaƙi ya dawo a 1875.

Fitilun kalmomi: sulhu, amana, Kabi, Gwandu, Lafiyar Toga

1.0 Gabatarwa

Tsakanin Birnin Kabi da Argungu tafiya ce da mota ke yi cikin kusan sa'a guda. A mafi yawan ƙarni na 19 kuwa, wannan 'yar tazara fagen fama ce, domin Argungu tana hannun Kabawa, Birnin Kabi da Ambursa da Gwandu suna hannun jama'ar Shehu. Gulbi ɗaya ke shayar da su, fadama ɗaya suke noma, harshe ɗaya suke yi, kuma alƙibla ɗaya suke fuskanta. Duk da haka sun shafe shekaru da dama suna kai wa juna hari.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan waɗannan yaƙe-yaƙe. Hogben da Kirk-Greene a 1966, da Johnston da Murray Last a 1967, da Muhammad Bello Alƙali a kundinsa na 1969 a kan Kabi, da Balogun a nasa na 1970 a kan Gwandu, duk sun taɓo su. Sai dai hankalin mafi yawan masu nazari ya fi karkata ga yaƙi fiye da sulhu. Manufar wannan maƙala ita ce ta tsaya a kan 'yan shekarun da aka mayar da takubba kube, ta tambayi ko a kan wace ƙa'ida aka yi hakan, da kuma abin da ya sa zaman bai ɗore ba.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Fannin fiƙihu da ke magana a kan hulɗar Musulmi da wasu ƙasashe shi ne ake kira siyar. Fitaccen wanda ya fara tsara shi a littafi mai zaman kansa shi ne Muhammad bin Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira. Wannan fanni ya bambanta nau'o'in alkawari guda uku. Na farko shi ne hudna ko muhadana, wato yarjejeniyar dakatar da yaƙi tsakanin hukuma da hukuma, kowa yana riƙe da ƙasarsa. Na biyu shi ne aman, wato kariyar da ake bai wa mutum ko ayari domin ya shiga ƙasar Musulmi ya fita lafiya. Na uku shi ne zimma, wato zaman waɗanda ba Musulmi ba a ƙarƙashin hukumar Musulmi bisa biyan jiziya. Akwai kuma wani babi na daban da ya shafi bugatu, wato Musulmin da suka fita daga biyayyar shugaba bisa wani tawili.

Hausa ta ari wasu daga cikin waɗannan kalmomi, ta ba su nata launi. Kalmar amana ta haɗe ma'anar aman da ta zimma. Shi ya sa a masarautu irin su Bauchi da Zazzau aka riƙa kiran al'ummun da suka yarda da biyan haraji domin a bar su da zamansu da sunan 'yan amana. Kalmar sulhu ta tsaya ga sasanta masu husuma kowane iri ne. Abin lura shi ne ba a kira yarjejeniyar da ake nazari amanar Toga ba, sai aka ce lafiyar Toga. Amana tana nuna akwai babba da ƙarami, mai bayarwa da mai karɓa. Lafiya kuwa ba ta ɗora kowa a kan kowa, hali ne kawai da ɓangarorin biyu suka shiga tare. Zaɓen wannan kalma ya dace da abin da yarjejeniyar ta ƙunsa, kamar yadda za a gani a gaba.

3.0 Ƙa'idojin Musulunci na Zaman Lafiya da Wasu Ƙasashe

3.1 Karɓar sulhu idan abokin gaba ya nema

Aya ta 61 ta Suratul Anfal ta umurci Annabi (SAW) da ya karkata ga zaman lafiya matuƙar abokan gaba sun karkata gare shi, ayar da ke bi mata kuma ta nuna cewa tsoron yaudara bai isa ya hana hakan ba. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi saboda addini ba, ba su kuma kore su daga gidajensu ba. Babban misali a aikace shi ne sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira, daidai da 628, wanda aka ƙulla da Ƙuraishawa ta hannun Suhailu bin Amru na tsawon shekara 10. Wasu sahabbai sun ga sharuɗɗansa da nauyi, amma Alƙur'ani ya kira shi buɗi mabayyani.

3.2 Wanda ke da hurumin ƙullawa da sharuɗɗansa

Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, sun ajiye ƙulla hudna a hannun shugaba ko wakilinsa, ba kowane mai riƙe da makami ba. Sun sharɗanta a samu maslaha ga Musulmi, kada kuma a sanya sharaɗin da shari'a ta ɓata, kamar barin Musulmi kamamme a hannun abokan gaba, sai fa idan tsoron abin da ya fi haka muni ya tilasta. Game da wa'adi, Shafi'iyya sun iyakance shi ga shekara 10 bisa koyi da Hudaibiyya. Malikiyya ba su yanke iyaka ta wajibi ba, sun bar abin ga ijtihadin shugaba, ko da yake sun so kada ya wuce wata 4 idan babu larura. A tarihi an samu abin da ya zarce duk waɗannan: yarjejeniyar da Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarhi ya yi da Kiristocin Nuba a 652 ta rayu kusan shekara 600.

3.3 Cika alkawari ko da ya zo da ɗaci

Suratul Ma'ida ta buɗe da umurnin cika ƙulle-ƙullen alkawari, aya ta 4 ta Suratut Tauba kuma ta wajabta cika wa mushirikan da ba su tauye yarjejeniya ba wa'adinsu. Aya ta 72 ta Anfal ta kai maƙura, domin ta hana taimakon Musulmin da ba su yi hijira ba a kan mutanen da ke da yarjejeniya da hukumar Musulmi. An ga wannan a Hudaibiyya, lokacin da Abu Jandal ya iso cikin mari yana neman mafaka, aka mayar da shi saboda an riga an daidaita a kan sharaɗin.

3.4 Warwarewa a bayyane

Idan shugaba ya ga alamun ha'inci, aya ta 58 ta Anfal ba ta ba shi damar kai farmakin ba-zata ba. Abin da ta umurta shi ne ya sanar da abokan yarjejeniya cewa an warware, har sanin ɓangarorin biyu ya zama daidai. Wannan shi ake kira nabzu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito yadda Amru bin Abasa ya tsayar da Mu'awiya lokacin da ya matsa da runduna kusa da iyakar Rumawa domin ya auka musu da zarar wa'adi ya cika, Mu'awiya kuma ya koma da mutanensa.

3.5 Idan masu faɗan duk Musulmi ne

Aya ta 9 ta Suratul Hujurat ta wajabta sasanta ƙungiyoyi biyu na muminai da suka yi yaƙi, ba ta kuma cire musu sunan imani ba. Daga yadda Sayyidina Ali ya bi da mutanen Yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan Hijira malamai suka ciro hukuncin bugatu: ba a bin wanda ya gudu, ba a ƙarasa mai rauni, ba a bautar da iyalansu, dukiyarsu kuma ba ganima ba ce. Sulhun Hasan da Mu'awiya a shekara ta 41 ya nuna cewa ana iya sarayar da haƙƙin mulki domin a tsare jini.

Malaman jihadin Sakkwato sun san waɗannan hukunce-hukunce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi bayanin aman da sulhu a Bayanu Wujubil Hijra na 1806, Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano a kan tafiyar da mulki bisa shari'a. Ke nan waɗanda suka zauna sulhu da Kabawa sun gaji ilmin abin da suke yi.

4.0 Tushen Gabar Kabi da Gwandu

Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Songhai, ya gina Surame. Daga baya fada ta koma Birnin Kabi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi Ɗanfodiyo da Aliyu Jedo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa wanda ya riga ya bi jama'ar Shehu. Kafin shekarar ta ƙare Usman Masa ya juya baya, a daidai lokacin da Gobirawa da Azbinawa suka taso, aka yi Yaƙin Alwasa inda masu jihadi suka yi hasara mai yawa. Wannan juyawa ta zauna a zukatan mutanen Gwandu a matsayin cin amana, kuma ita ce ta fara lalata yarda tsakanin ɓangarorin.

Hodi ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi a 1826. Ɗan'uwansa Sama'ila Karari ya ɗora daga Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831, aka kama ɗansa Yakubu Nabame. Yakubu ya daɗe a tsare, da farko a Gwandu, daga baya a Sakkwato, inda ya samu shiga wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ruwaya ta nuna cewa ya ceci Umaru ɗan Aliyu Babba a fagen fama, aka saka masa da sakin talala. A 1849 ya koma ya tayar da Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. A ganin Sakkwato wannan cin amana ne karo na biyu. A ganin Kabawa kuwa ɗan sarki ne ya koma gidan ubansa.

Shekarun da suka biyo baya sun ci manya daga kowane ɓangare. Yakubu Nabame ya faɗi a 1854, magajinsa Yusufu Mainasara ya faɗi a 1859, Sarkin Gwandu Haliru kuma ya faɗi a hannun Kabawa a 1860. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kabi a 1853 zamanin Sarkin Gwandu Halilu, ya bayyana irin rashin tsaron da ya tarar a hanyoyin yankin. Yaƙin ya taɓa hanyar gishirin Foga, da hanyar da ke haɗa Gwandu da ƙasashenta na yamma irin su Sayi da Liptako, da fataucin da ke ciyar da kasuwar Jega. Manomi a fadama da masunci a gulbi da makiyayi a mashaya babu wanda ya tsira.

5.0 Lafiyar Toga da Sharuɗɗanta

Abdullahi Toga ya hau gadon Kabi a 1860, ya yi mulki har 1883. A Sakkwato, Ahmadu Atiku ya rasu a 1866, Aliyu Ƙarami ya yi ɗan gajeren zamani, sai Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu ya hau a 1867, wanda aka sani da sanyin hali da son zaman lafiya. A wannan tsakani na 1866 zuwa 1867 aka daidaita, lokacin Abdulƙadir yana Sarkin Gwandu. Masana tarihi sun ruwaito sharuɗɗa uku: a amince da 'yancin Kabi, kowane ɓangare ya riƙe garuruwan da ke hannunsa a lokacin, kuma bayin da aka kama a yaƙi su zauna wurin waɗanda suka kama su.

5.1 Hurumi da maslaha

Ta fuskar hurumi, sulhun bai da tangarɗa, domin shugabannin ƙoli ne suka ƙulla shi. Ta fuskar maslaha ma hujjar a fili take. An shekara fiye da 15 ana gwabzawa tun tashin Nabame, Gwandu ba ta iya cin Argungu ba, Argungu ba ta iya ƙwato Birnin Kabi ba. Malamai suna lissafa raunin runduna da tsare rayukan talakawa a cikin dalilan da ke halatta hudna, kuma duka biyun sun tabbata a nan.

5.2 Amincewa da 'yancin Kabi

Sharaɗi na farko shi ne ya fi nauyi a siyasance. Ba a ruwaito an ɗora wa Kabi jiziya ko gaisuwar shekara ba, ba a kuma nemi Toga ya karɓi tuta ba. Saboda haka ba zimma ba ce, ba kuma mubaya'a ba ce. Daular da aka gina a kan wajabcin bin shugaba ɗaya ta yarda da zaman wata hukuma mai cin gashin kanta a 'yar tazara daga Gwandu. Abin da ya fi kusa da wannan a tarihin Musulunci shi ne yarjejeniyar Nuba, inda aka karɓi maƙwabtaka a matsayin abin da zai daɗe. Akwai kuma misali na kusa, domin bayan musayar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu Aminu Alkanemi, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, da kuma yaƙin da ya biyo baya, Sakkwato da Barno sun ƙare da zama kowa a iyakarsa.

5.3 Batun bayi da matsayin Kabawa

Sharaɗi na uku shi ne ya fi wuyar daidaitawa da fiƙihu, domin amsarsa ta rataya a kan tambayar ko su wane ne Kabawa a idon shari'a. Idan Musulmi ne da suka yi tawaye, hukuncin bugatu ya hana bautar da su tun farko. Gaskiya ne malamai sun ce abin da ya salwanta a lokacin fitina bisa tawili ba a biyan sa, amma abin da yake nan a hannu mayar da shi ake yi, ballantana mutum ɗa. Idan kuwa an ɗauke su kafiran yaƙi, to barin Musulmi kamammu a hannunsu shi ne ainihin misalin ɓataccen sharaɗi da Malikiyya suka kawo, wanda larura kaɗai ke halatta shi. Ta kowace fuska aka duba, sharaɗin bai tsaya da ƙafarsa ba sai an jingina shi ga larura.

Wannan matsala ta girmi Toga. Shehu Usmanu, bisa bin fatawar Magili, ya tafi a kan cewa Musulmin da ya taimaki kafirai a kan Musulmi ya kafirta. Abdullahi ya saɓa masa a Liya'us Sulɗan, yana ganin cewa irin wannan taimako, idan don neman duniya ne, saɓo ne babba amma bai kai kafirci ba. Alkanemi ma a kan wannan gaɓa ya ƙalubalanci masu jihadi game da Barno. Sarakunan Kabi suna ɗauke da sunayen Muhammadu da Yakubu da Yusufu da Abdullahi, suna da limamai da alƙalai, ko da yake al'adun gargajiya na ruwa da na sarauta sun ci gaba a cikinsu. Masu sulhun sun zaɓi kada su yanke hukunci a kan wannan tambaya. Shirun ya sauƙaƙa daidaitawa, amma waɗanda suka biya kuɗinsa su ne kamammun ɓangarorin biyu, waɗanda lafiyar da kowa ya samu ta tabbatar musu da bauta.

5.4 Kafar da aka bari

Sharaɗi na biyu ya daskarar da iyaka a inda yaƙi ya tsaya. Sai dai a wancan zamani iyaka ba layi ba ce a ƙasa, biyayyar garuruwa ce, gari kuwa yana iya sauya ubangida idan sarkinsa ya sauya ko buƙatarsa ta sauya. Sulhun Hudaibiyya ya hango irin wannan, ya bai wa kabilu zaɓin shiga alkawarin ɓangaren da suka so, Huza'a ta shiga na Annabi (SAW), Banu Bakar ta shiga na Ƙuraishawa. Shi ya sa lokacin da Banu Bakar suka auka wa Huza'a da taimakon Ƙuraishawa, babu wanda ya yi shakkar wanda ya warware. A sharuɗɗa ukun Lafiyar Toga babu makamancin wannan tanadi, babu kuma wanda aka ajiye domin raba gardama.

A 1875 rikici ya tashi a kan biyayyar garin Fana da ke ƙasan kwarin Rima, aka kame shanu, aka mayar da martani da yaƙi. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Mai cewa garin nasa ne tun ranar sulhu yana da hujja a lafazin sharaɗi, mai cewa bai ci garin da yaƙi ba, mutanensa ne suka zo da kansu, shi ma yana da tasa. A nan ne ƙa'idar nabzu take da amfani, domin tazarar da ke tsakanin sanarwa da farmaki ita ce damar da manzanni ke samu su kai su komo. Ya kamata a lura kuma cewa a lokacin Ahmadu Rufa'i ya rasu tun 1873, Abdulƙadir tun 1868. Fiƙihu ya ce alkawarin shugaba yana kan wuyan magajinsa, amma sulhun da ya dogara da halin mutum ɗaya yakan yi rauni idan mutumin ya kau.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Yaƙin da ya dawo ya fi na da tsanani, musamman bayan hawan Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, a 1883. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu yaƙi a farkon shekarun 1890 bai ci nasara ba. Sakamakon da ya fi girma ya bayyana da zuwan Turawa: Argungu ta karɓi Ingilishi ba tare da yaƙi ba, Sakkwato kuma ta faɗi ranar 15 ga Maris, 1903. Kabi ma ba ta tsira ba, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba ta da wani sashe na ƙawayenta na Arewa da Zabarma da Dandi. Maƙwabta biyu da suka kasa riƙe sulhu a tsakaninsu sun wayi gari kowannensu yana karɓar sharuɗɗan baƙo. Har Waziri Buhari ya rubuta risala yana kafa hujjar zama da Nasara bisa larura da tsare rayukan Musulmi, hujjar da ta yi kama da wadda aka gina Lafiyar Toga a kanta.

A 1906 fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kabi, tsohuwar hedikwatar Kabawa. Cikakken sasantawa ya jira har 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su a Matan Fada. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yau, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Tun 1991 masarautun biyu suna cikin jiha ɗaya, mai ɗauke da sunan Kabi, mai hedikwata a mazaunin Sarkin Gwandu.

7.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, sulhu da maƙwabciyar ƙasa ba baƙon abu ba ne a tunanin Daular Sakkwato, yana da tushe a littattafan da shugabanninta suka karanta suka kuma rubuta. Na biyu, ingancin sulhu a shari'a yana farawa daga hurumin mai ƙulla shi da iyawarsa ta ɗaure mabiyansa. Wannan ma'auni ne da ya kamata a riƙa aunawa da shi a yau, domin yarjejeniyoyin da aka yi da 'yan bindiga a wasu jihohin arewa maso yamma sun sha rushewa a inda wanda ya yi alkawari ba ya da iko da sauran dabobi. Na uku, sulhun da ya yi shiru a kan masu rauni yana dakatar da yaƙi amma ba ya kawar da zalunci. Na huɗu, yarjejeniya tana buƙatar hanyar raba gardama tun kafin gardamar ta taso.

Darasin bai tsufa ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, rufe iyaka ya taɓa garuruwan Jihar Kabi irin su Kamba, waɗanda dangi da kasuwa suka haɗa su da Gaya da Doso. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yana cikin tawagar da ta je Yamai neman maslaha, ayarin malamai ma ya bi baya. Harshen da aka yi amfani da shi a lokacin, na haƙƙin maƙwabtaka da haramcin jinin Musulmi, shi ne harshen babin siyar.

8.0 Kammalawa

Lafiyar Toga ta rayu kimanin shekara 8, ƙasa da wa'adin da aka yanka a Hudaibiyya, amma a cikinsu an yi noma a fadamun Rima, fatake sun bi hanya, masunta sun shiga gulbi. Ta nuna cewa shugabannin da suka gaji gaba daga iyayensu suna iya ajiye ta idan maslaha ta bayyana, ta kuma nuna cewa niyyar kirki ba ta maye gurbin sharaɗin da aka tsara da kyau. Hausawa suna cewa alkawari kaya ne. Abin da tarihin Kabi da Gwandu ya ƙara shi ne, kafin a ɗauki kayan sai an duba ɗaurinsa. Akwai buƙatar masu nazari su waiwayi wasiƙun fadar Gwandu da ruwayoyin baka na Argungu, da kirarin sarakunan Kabi da waƙoƙin makaɗansu, domin a ji yadda talakan kowane ɓangare ya ɗauki waɗannan shekaru na lafiya.